Mai Faci a Gulbin Jega

Kwana shida ina bakin titi
ina ɗura wa tayoyin mutane iska,
hannu baƙi ƙirin, kunne cike da kukan inji.
Ran Juma'a bayan la'asar nake sauka gulbi
in yi akasin sana'ata,
in sa tsinken ashana a bakin bawul
in saki abin da aka biya ni na zuba.

"Ya isa, Baba Tunau?"
In latsa tayar da babban yatsa
kamar mai tayin mangwaro.
"Saura kaɗan. Yashi ba ya shiri da mai kumburi."

Ruwa ya janye tun bayan girbi,
ya bar shimfiɗa fara fat
daga gindin gada har lambunan albasa.
Masu tifa sun ƙwaƙule gefe guda,
ramukan da suka bari da tudun da suka tara
nan ne filin yaran.

Arzika ke fara shiga.
Babur ɗinsa ba madubi, ba fitila,
ya tuɓe shi kamar ɗan kokawa.
Ya murɗa, tayar baya ta yi toho da yashi,
ya hau tudu, ya rabu da ƙasa
na ɗan ƙiftawar ido,
Kulu mai zoɓo ta saki ludayi ta yi salati.

Ni kuwa daga inuwar gada nake koyarwa.
Kada ka taɓa birkin gaba.
Koma baya ka zauna, sassauta hannu,
bar kan ya yi rawarsa.
Wanda ya tsorata ya rage wuta, shi yashi ke kamawa.
Na faɗi wannan ya fi sau ɗari.
Ban taɓa gwadawa ba.

Jaɓɓi ne ya tona ni.
Ya kafe nasa gabana ya sauka,
"Malam, a yi muna karatun a aikace."
Shekarata hamsin da uku.
Na naɗe ƙafar wando.

Giya ɗaya. Giya biyu.
Kan babur ya soma lilo dama da hagu,
sai cinyoyina suka gane abin tun kafin ni:
haka kwalekwalen babana ke yi
daidai nan, in ya shiga tsakiyar igiya,
ni a gaba ina kwalfe ruwa da ƙoƙo,
shi a baya da gora yana cewa
kar ka yi faɗa da shi, bi shi.
Na bi shi.
Na wuce ramin farko, na wuce kututturen giginya,
iska ta cire mini hula ban waiwaya ba,
ina jin wani yana ihu,
ashe ni ne.

Sai tudu ya taso.
Sai na damƙi birkin gaba.

Yashi a baki, yashi a kunne, yashi a aljihu.
Babur na kwance can yana tari.
Na nutsa hannu don in yunƙura,
kamu ɗaya ƙasa da zafin
na ji danshi, na ji sanyi.
Ashe yana nan bai tafi ba.
Na daɗe ban zaro hannun ba
har yaran suka daina dariya suka rugo.

Kulu ta ba ni zoɓo na kurkure baki,
ta ce kuɗinsa na nan a kaina.

Shamuwa ta sauka kan rimi tun shekaranjiya.
Mako uku, ko huɗu,
ruwa zai dawo ya shafe sawun kowa,
har da ramin da kafaɗata ta yi.

An kira magariba.
Suka jeru da tayoyinsu laɓe-laɓe,
ba mai hawa kwalta a haka.
Na ɗauko famfon hannu, kafaɗa na zugi.
Naira ɗari kowa.
Jaɓɓi ya ce ai ya ba ni aro.
Na ce kawo ɗari.